Mawaƙan Waya na Jazira da Bashin da Suke Bin Mu

A daminar 2021 wani mai tuƙa raksha, cikin masu yawan bugo waya a shirina, ya tare ni a bakin babbar kasuwar Madani. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ustaz, kullum Nura M. Inuwa, kullum Umar M. Shareef, kullum Hamisu Breaker. Mu nan ba mu da baki ne?" Na ce masa cikin raha in yana da mawaƙi a aljihu to ya fiddo mu gani. Ashe kuwa yana da shi. Ya zaro wata waya mai tsagaggen gilashi, ya buɗe Xender, kafin mai shayi ta miƙo mana kofunanmu ya riga ya turo mini waƙa 11. Babu wadda take da suna a cikinsu, sai haruffa uku da jerin lambobi, irin sunan da WhatsApp ke laƙaba wa duk sautin da ya bi ta cikinsa. Na tambaye shi su waye suka yi. Ya ce wasu yara ne daga can wajen Sinnar, shi ma ƙanin matarsa ne ya tura masa, shi kuma ƙanin a zauren WhatsApp na 'yan garinsu ya tsinta.

A lokacin shekarata 6 ina gabatar da shirin Hausa na awa ɗaya a kowane mako, kuma a zatona babu mai rera waƙa da Hausa tsakanin Hasahisa da Damazin da ban san shi ba. Daren nan na saurari waƙoƙin sau uku, kunya ta kama ni.

Bari in ɗan yi wa mai karatu na Kano ko Maraɗi shimfiɗa, domin sau da yawa in na ce ni Bahaushen Sudan ne sai a tambaye ni yaushe na je. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su. Wasu sun taso a ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma don su tara na gaba, har gaban ya zama nan. Wasu kuma ƙaurar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 ce ta kawo su, lokacin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a gabas har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai aikin cirar auduga ya ƙara jawo jama'a. Kaɗan ne suka sami hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke yanka wa manomi. Da yawa a kambo suka zauna, 'yan unguwannin ma'aikata na gefen tur'a, suna noma gonar wani. Fallata ake kiran mu, a zuba Bahaushe da Bafillace da Babarbare a kwando ɗaya.

Ta fuskar waƙa kuwa mun daɗe muna karɓa kawai. Mahaifina kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya yake ji, waɗanda alhazai ke shigowa da su daga Jidda, an kwafa an sake kwafa har kalangun ya koma kamar a cikin rijiya ake kaɗa shi. Mu kuma faifan finafinan Kano muka taso muka tarar. Makaɗa muna da su, na biki da na gayya, da mata masu kiɗan ƙwarya, amma kiɗansu a filin yake ƙarewa, ba mai ɗauka. Mace ɗaya ce tamu muryarta ta kai ko'ina, A'isha Falatiya, haifaffiyar Kasala, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato. Ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Sai dai da Larabci aka fi saninta, kuma laƙabin da ta yi suna da shi ma tuni ne kullum cewa daga wani wuri aka zo.

To in koma kan waƙoƙin nan 11. Bakwai daga ciki ba su da abin da zai tsayar da mutum. Soyayya ce irin ta finafinan Kano, an kwaikwayo ta har da inda ake sauke ajiyar zuciya, an tura murya cikin na'urar gyaran murya har ta koma ƙarfe, kalmomin kuwa su ne dai ruhi da hawaye da alkawari da kowa ya haddace. Wanda yake da Umar M. Shareef a wayarsa ba shi da dalilin jin mai kwaikwayonsa da ogan na haya. Ogan muke ce wa abin da 'yan Kano ke kira fiyano. Uku suna da dama-dama. Ɗaya kuwa ita ce dalilin wannan rubutu, jama'a kuma da suka rasa sunanta sai suka riƙa ce mata waƙar auduga.

Da kalangu shi kaɗai take buɗewa, kiɗan noma tsantsa, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gayya zai gane. Kunne yana jiran ogan ya shigo da taushin nan na nanaye, sai ya shigo da tumtum, kiɗan waƙoƙin 'yan mata na bukukuwan Sudan. Abin mamaki ba su yi karo ba. Dalili kuwa a fili yake. Yawancin tsofaffin waƙoƙinmu na Hausa da waƙar tsakiyar Sudan duk a kan matakan sauti biyar suke tafiya, abin da masu kiɗan nan ke kira sullam khumasi. Shi ya sa mahaifina zai cire kaset ɗin Shata ya sa na Wardi ko na Muhammad al-Amin, ɗan Madani, ba tare da ya ji an sauya masa ɗaki ba. Nanaye daga Indiya ta aro karinta. Su waɗannan yara, da suka ajiye ta suka ɗauki kiɗan maƙwabtansu Larabawa, sai ga shi sun fi kusa da kakanninsu fiye da lokacin da suke kwaikwayon Kano.

Turken waƙar uwa ce da ɗanta. Uwar tana cirar auduga a hawashar wani, ɗan kuma ya tafi ofis neman takardar jinsiyya, an ce ya kawo shaidar cewa kakansa ɗan ƙasa ne. Abin da na fi yaba wa mai waƙar shi ne ko sau ɗaya bai ambaci zalunci ba, bai kuma zagi kowa ba. Kaya kawai yake lissafawa: buhu, ma'auni, busasshen ƙoƙon auduga da ke yanke yatsa, layin mutane a bakin taga, biron magatakarda da ya ƙi rubutu. A ɗiya na biyar yaron yake cewa shaidarsa tana nan kwance a maƙabartar bayan tur'ar da ya haƙa da hannunsa, in ana so a je a tambaye shi. Daga nan kalangu ya karɓa, ba a ƙara komai ba. Mawaƙin da ya san inda zai yi shiru ba sabon shiga ba ne, ko da kuwa shekarunsa ba su kai 25 ba.

Amshin kalma ɗaya ce, fari. Mai karatu ya san kalmar nan fuskokinta da yawa. Akwai fari na launi, akwai fari na rashin ruwa, akwai fari masu cinye amfanin gona, kuma tsawon wasali da hawa da saukar murya ne kaɗai ke raba su. Salon rerawar Sudan kuwa yana son jan wasali, a lanƙwasa shi sama a dawo da shi ƙasa. Da ɗan amshin ya ja gaɓar farko, sai farin auduga ya koma farin ɗango, wani zubin kuma ya faɗi kamar farin da ke ƙone dawa. Ranar da na fara sa waƙar a rediyo na faɗa a fili cewa wannan kuskure ne. Ba a yi minti biyar ba wata tsohuwa ta bugo. Ta ce, "Ɗana, kai karatu ka yi, mu noma muka yi. Wanda ya zauna a kambo ya san duk ukun a gona ɗaya suke kwana." Na yi mata godiya, na ce Hajiya ta fi ni. Daga baya da na haɗu da ɗan amshin na tambaye shi, ya yi dariya ya ce wallahi shi dai ya ja ne don ya cike kiɗa. Ke nan ma'anar da ta fi kowace kyau a waƙar ba mawaƙan ne suka sa ta ba, wata mai saurare ce ta kawo abarta daga gida. Amma ban janye maganata gaba ɗaya ba. A wata waƙar tasu jan wasalin nan ya mai da garin da masoyi ke kewa ya koma garin tuwo, kuma babu tsohuwar da za ta ceci wannan.

Da na ɗora waƙar a shafina na Facebook wani daga Nijeriya ya rubuta cewa wannan ba Hausa ba ce, Larabci ne ya sa hula. Na ji haushi, amma maganar tana da rabin gaskiya. Hawasha da tur'a da kambo da jinsiyya ba su da wasu sunaye a bakinmu, kuma mawaƙin da zai sauya su don ya gamsar da Bakano ya yi wa uwarsa ƙarya. Wanda ya yi gorin ma bai lura ba cewa yaran nan suna cewa shina da mi kaka so, Sakkwatancin da suka gada daga bakin tsofaffi, alhali waƙoƙin da yake ganin su ne Hausa cike suke da Turanci. Inda na yarda da shi shi ne wurin da lalaci ya shigo. Sau da yawa in amsa-amo ya ƙi zuwa sai su miƙa hannu cikin Larabci su ɗauko kalma mai ƙarewa da a, su ce moya ga ruwa yana zaune, su ce mushkila ga matsala a kusa. Wannan ba gadon kowa ba ne, gudun wahala ne.

Mako uku na yi ina cigiyarsu a rediyo kafin wani ya ba ni lamba. Su huɗu ne, a wani ƙauye na bakin kogi kudu da Sinnar. Jagoran tela ne. Mai kalangun wajen kawunsa ya koya. Mai ogan haya yake ɗauko shi daga masu kiɗan biki, ɗan amshin kuma shi ne mai haɗa sauti a wata tsohuwar kwamfuta, a shagon cajin waya, da dare in an tada janareta. Wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa ogan ke danne kalangu a duk waƙoƙinsu, domin shi ogan da igiya yake shiga kwamfutar, kalangu kuwa da makirufon waya ake kama shi. Ba su da shafi a ko'ina. Na nuna musu waƙarsu a YouTube a wurare uku, mutum uku daban-daban suka ɗora, biyu da hoton wani jarumin fim na Kano, ɗaya ma ya rubuta cewa ta wani mawaƙin Nijeriya ce. Telan ya daɗe yana kallon yawan waɗanda suka saurara, sannan ya tambaye ni ko akwai hanyar da zai san sunayensu.

Tambayar nan ta tsaya mini a rai, saboda ita ce tsohuwar tambayar makaɗin Hausa. Narambaɗa ya san wa yake yi wa waƙa, Sarkin Gobir na Isa ne. Ɗan Anace ya san Shago. Shata, da ya zama na kowa da kowa, yana ganin hannun da ya miƙo, sanƙira kuma ya ɗaga murya ya faɗi sunan mai kyauta da abin da ya bayar. Mai saurare a wajenmu bai taɓa zama baƙon da ya sayi tikiti ya tafi ba. Mutum ne mai suna da uba da gari, waƙa tana bin sa bashi, shi ma yana bin ta.

Intanet ta zo ta ba yaran nan dubban masu saurare, ba ta ba su ko sisi ba. Amurka ta sa wa Sudan takunkumin tattalin arziki daga 1997 har 2017, ba ta cire ta daga jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci ba sai Disambar 2020, kuma ko bayan nan kuɗin kallon YouTube ba ya sauka a asusun da aka buɗe a Sudan. Saboda haka abin da ke shigowa uku ne: addad, wato kuɗin da ake yanka wa mawaƙi na daren biki, sai nuƙɗa, liƙinmu na nan, sai kuma ambato. Na ukun ne waya ta sabunta. Ɗan garinsu da ke aikin gini a Riyad ko tuƙi a Jidda zai turo kuɗi ta Bankak, ko ya sa ƙaninsa ya tura rasid na waya, ya haɗo da hoton shaidar turawa da sunan da yake so a faɗa, nasa da na mahaifinsa da na amaryar da yake nema. Waya ta zama sanƙira.

Sakamakon haka na ji shi a farkon 2022, da suka sake ɗaukar waƙar auduga. Ta farko minti 6 ce. Sabuwar minti 14. An zubar da ɗiya uku, ciki har da na biron magatakarda, aka cike gurbin da sunaye. Shirun nan da ke bin maganar maƙabarta, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar, an cusa masa gaisuwar wani mai shagon kayan gyaran mota. Ba ambaton nake ƙi ba. Shata ya yi ambato har ya gaji, amma shi in ya kama sunan mutum sai ya gina masa ɗaki a cikin waƙar, ka ji sana'arsa da halinsa da hanyar garinsu. Su waɗannan karanta takarda suke yi a kan kiɗa. Na kira telan na gaya masa cewa sun sayar da tufar ido don su sayi maɓalli.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ustaz, gaskiya ka faɗa. Amma ina da tambaya. Kalangun nan namu da kake buɗe shirinka da shi, wata nawa ke nan?" Wata 8 ne. Na yanko daƙiƙa 20 na farkon waƙar na mai da su taken shirina, ban tambaye su ba, ban biya ba, sau biyu kacal na faɗi daga inda kiɗan ya fito. Gidan rediyon da nake aiki ba shi da wani kaso na biyan mawaƙa irinsu, ni kuma ban taɓa zuwa na nema musu ba. Na fara cewa ai tallata su nake yi. Ya ce, "Talla mun gode. Mai ogan dai kuɗin haya yake karɓa." Mai shagon kayan gyaran nan da na raina, wanda wataƙila bai taɓa lura da maganar maƙabarta ba, ya biya hayar ogan ta dare uku. Ni da na fahimci waƙar har nake koya wa mutane yadda za su ji ta, ko kuɗin shayi ban ba su ba.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Yulin 2022. Rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma neman masarautar gargajiya da Hausawa suka yi. An kashe sama da mutum 100 a Rusairis da kewayenta cikin 'yan kwanaki, dubbai suka gudu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da wasu garuruwa. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da 200. A nan na ga ɗaya fuskar kusancin da nake yabo. Mawaƙin fada ubangida ɗaya gare shi, in ya ce a zuga mayaƙa sai a zuga. Telan nan iyayen gida ɗari da wani abu gare shi, kowanne yana da lambarsa, kowanne ya taɓa turo kuɗi, kowanne kuma yana da ɗan'uwa a cikin gawarwakin ko a cikin masu gudu. Ya nuna mini wayarsa, saƙonnin murya sun yi layi, abu ɗaya suke nema, waƙar ramuwa, a kama suna a yi zambo.

Ba su yi ba. Waƙar ta'aziyya suka fitar, suka jero sunayen garuruwan da aka yi rashi, ba su kira wata ƙabila da sunan abokiyar gaba ba. A tsakiya ma mai ogan ya sa wani sauti mai kama da waza, dogayen bututun busa na duma da Barta ke amfani da su. Wannan ya ƙona ran mutane ƙwarai. An fitar da su daga zauruka, an soke musu biki biyu, wani da ya saba turo kuɗi ya ce a mayar masa da abinsa. A makon nan kuma wani mawaƙin daban, shi kaɗai da ogan, ya saki tasa, zuga da zambo tun daga farko har ƙarshe, ta zagaye wayoyi kafin tasu ta fita daga ƙauyensu.

Na ƙi sa ta mai zugar a rediyo, kuma da za a sake ba ni zaɓi ba zan sa ba. Ta yaran na sa mako huɗu a jere. Amma tunda sharhi na zauna yi, dole in faɗi abin da kunnena ya ji, ko da ba ya mini daɗi. Ta mai zugar ta fi ƙarfi. Karinta a ɗaure yake, kalmominta gajeru, tana da abubuwan da ido ke gani, tukunya a kan murhu da aka gudu aka bari, takalmin yaro a kan gada. Ta yaranmu kuwa, da ta wuce jerin garuruwa, sai ta koma wa'azi, zaman lafiya da haƙuri da 'yan'uwantaka, kalmomin da ke kan allon kowace ƙungiyar agaji. Mutumin da ya iya sa biro ya yi magana a waƙar auduga, a nan tsoron kada ya faɗi abin da zai ƙara wuta ya hana shi faɗin komai. Sautin wazan nan kaɗai ne ya yi magana a waƙar, shi ne kuma aka hukunta su a kansa.

Abokai masu karatu sukan kawo mini labarin Mdou Moctar na Nijar don su ƙarfafa mini guiwa. Gaskiya ne, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, waƙoƙinsa suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a Sahara ba tare da sunansa ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya kwashi irin waɗannan waƙoƙi daga katin wayoyin mutane a arewacin Mali, ya fitar da su a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, yau kuma Mdou Moctar yana zagaya duniya da jitarsa. Ana ba da labarin kamar na sa'a, wai wata rana mu ma wani Bature zai biyo. Ni abin da ya tsaya mini a ciki daban ne. Mutumin nan, da ya ji waƙa ba suna, sai da ya bi sawu ya nemo masu ita, ya raba kuɗin da su. Daga wata nahiya ya yi wannan. Ni tsakanina da nawa tafiyar 'yan awoyi ce a mota, lambarsu kuma tana wayata.

Sauran labarin kowa ya ji shi a labarai. Yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, Madani ta cika da 'yan gudun hijira, a Disamba kuma dakarun RSF suka shigo ta. Shirina ya tsaya, na kwashi iyalina muka yi Gadarif. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke, a Jazira mutum sai ya je wajen masu Starlink ya biya kuɗin awa kafin ya ji ko nasa suna raye. A ƙarshen Yuni Sinja ta faɗi, daga nan ban sake jin ɗuriyar yaran ba.

Zauren masoyansu dai bai mutu ba, saboda yawancin 'yan cikinsa a Saudiyya da Libiya suke. Da na leƙa sai na tarar ba a maganar waƙa. Sunayen nan da na ce sun ɓata waƙar auduga su ne dai a jere, kowanne da abin da ya turo a wannan wata, ana tarawa ta Bankak a aika wa masu dafa abincin sadaka a ƙauyen. Har wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa yana ciki. Waƙar minti 14 ba ta gyaru ba saboda wannan, har yanzu ba na iya jin ta har ƙarshe. Na dai sa sunana a ƙasan nasu.

Bayan sojoji sun koma Madani a Janairun 2025, da 'yan makonni, saƙon murya ya shigo mini daga lambar da ban sani ba. Telan ne. Ya ce yana raye, mahaifiyarsa ma. Mai ogan ya tsallaka Libiya. Ɗan amshi yana nan, amma kwamfutar ta tafi tare da shagon. Mai kalangu ba a san inda yake ba tun kaka. Shi kuma an karɓe masa waya a wani shingen hanya, duk waƙoƙinsu suna ciki. Ya ce, "Ustaz, ko kana da ta farkon nan, mai minti 6? Duk wanda na tambaya doguwar gare shi."

Ina da ita, tare da sauran goman, da sunayensu na lambobi yadda mai raksha ya turo mini. Kafin in mayar masa sai na zauna na sauya wa kowane fayil suna, na rubuta sunayensu su huɗu da na garinsu da shekara. Na haɗa da kuɗin wata takwas ɗin nan, duk da cewa a darajar fam ta yau ba za su yi hayar ogan ta dare ɗaya ba. Layinsa ba ƙarfi, sai da ya kwana biyu kafin waƙar ta sauka. Da ta sauka ya turo saƙo cewa na rubuta sunan mahaifin mai kalangu ba daidai ba, in gyara, in kuma ajiye kwafi a wajena kada in goge.